Yadda za ka ziyarci wurin shaƙatawa na bakin tafki a cikin gari ka ga namun daji da idonka

Gaskiya yawancin masu cewa "mun je ba mu ga komai ba" laifin lokaci ne. Ni ma haka ta faru da ni karon farko, na isa wajen sha biyun rana, rana ta take, tsuntsaye duk sun shige cikin ciyayi sun yi lamo, na zagaya tafkin kaf na dawo gida da ƙishirwa kawai. To ka yi sammako, daga fitowar rana zuwa kamar awa biyu bayan haka shi ne lokacin da suke fitowa kiwo, in kuma safiya ba za ta yiwu ba to ka bari sai yamma ta yi sanyi.

Da safe ka tsaya ta gefen gabas, rana ta zama a bayanka, sai ka ga kalar kowane tsuntsu fes. In ka fuskanci rana baƙin inuwa kawai za ka dinga gani a kan ruwa. Kaya masu duhu ko ruwan ƙasa sun fi, takalmi rufaffe, gorar ruwa, maganin sauro, shi ke nan. In kana da madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ka ɗauko, 8 ɗin nan na nufin yana kusanto da abu sau takwas.

Abin da na fi so mutane su gane shi ne zama. Ka samu benci ko gindin bishiya kusa da inda ciyayin ruwa suka yi kauri, ka kashe ƙarar waya, ka zauna minti 20 ba motsi. Da farko wurin zai yi tsit kamar ba kowa, can sai ka ga kififiya ta hau kan icce tana shan hantsi, agwagwa ta fito da 'ya'yanta a jere. Akwai ranar da na zuba wa wani zalɓe ido, yana tsaye a ruwa iya gwiwa ko ƙyaftawa ba ya yi, wuyan a lanƙwashe, kawai sai ya kai sara, ya ɗago da kifi a baki ya juya shi ya haɗiye ta kai, wallahi har kumburin kifin na gani yana gangarawa a wuyansa.

In dabba ta daina cin abinci ta ɗaga kai tana kallonka, ka matso da yawa, ja da baya. Musamman wajen sheƙa, don in uwar ta tashi ƙwai na iya lalacewa ko wani abu ya ɗauke.

Don Allah kar a jefa wa agwagi burodi. Yana cika musu ciki ba amfani, 'ya'yan ba sa girma yadda ya kamata, ragowar kuma ta ruɓe a ruwa ta jawo gansakuka da ɓeraye. In ka ga ruwan ya yi kore shar kamar an zuba fenti, kar yara su taɓa, wani irin yana da guba. A ƙasashe masu zafi kuma ruwan da ba ya gudu na iya ɗauke da tsargiya, don haka ba wanka ba tsoma ƙafa.

Leda da zaren kamun kifi kuwa, ko ba kai ka yar ba ka tsince ka fita da su, zaren nan yana naɗe ƙafar tsuntsu har ya yanke ta.