Darasi na 7: Ruwan da Ke Cikin Tanki Kafin a Buɗe Famfo

A ce tanki yana da ruwa lita 20, sai aka buɗe famfo yana zuba lita 5 kowane minti. Bayan minti 1 ruwan ya kai lita 25, minti 2 lita 30, minti 3 lita 35. Biyar-biyar yake ƙaruwa, ba ya canzawa. Duk abin da ke tafiya a kan ƙa'ida ɗaya haka, ana iya rubuta lissafinsa a taƙaice:

R = 5 × M + 20

R na nufin yawan ruwa, M kuma mintocin da suka wuce. Kada haruffan su tsorata ku, gurbin lamba kawai suke riƙewa. In an yi minti 10, sai ku ce 5 sau 10, 50 ke nan, a tara da 20, ya zama lita 70.

Yanzu mu tsaya a kan wannan 20, don a nan ake yawan tuntuɓe. Wasu sukan manta da ita su ce lita 50, alhali ba busasshen tanki aka fara cikawa ba. Ku sa sifili a gurbin M. 5 sau sifili, sifili ne, saura 20. Wato 20 ita ce mafari, abin da ke nan tun ba a fara ƙidayar lokaci ba. Idan kuka zana, mintoci a layin kwance, litoci a layin tsaye, ɗigo-ɗigon za su jeru a miƙe, kuma layinsu zai taɓa na tsaye daidai kan 20.

Ko ba a gaya muku mafari ba, kuna iya gano shi. Wani tankin an auna shi a minti 4 aka sami lita 42, a minti 6 kuma lita 54. Ƙarin lita 12 cikin minti 2, wato 6 kowane minti. Famfo ya zuba 24 a minti 4 na farko. A cire 24 daga 42: lita 18 aka tarar a ciki.

Haka ma ma'aunin zafi yake. A Amurka da Fahrenheit suke auna zafi, yawancin ƙasashe kuwa da Celsius. Lissafin shi ne F = 1.8 × C + 32. In C ta zama sifili, F 32 ce, kuma a nan ne ruwa ke daskarewa. Kun ga mafari ba lamba ce ta banza ba, tana da abin da take faɗa.

A kula, lissafin yana da iyaka. In tankin farko lita 100 yake ci, a minti 16 ya cika, abin da ya biyo baya zubewa zai yi.

Aiki: Kyandir mai tsawon santimita 24 yana raguwa da santimita 3 kowace awa. Ku rubuta lissafinsa. Mene ne mafarinsa, kuma me yake nufi? Bayan awa nawa zai ƙare?