Yadda za ka gane ko katangar kulob ɗinka za ta miƙe kafin Satumba

Daga watan Fabrairu, da an gama Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi, har zuwa Satumba babu wasan gasa a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, sai labarai. Mu da ke bin ƙwallon Amurka a unguwar Nima ta Akra, wannan ne lokacin gardama a wajen ataya, kuma kusan duk gardamar kan kwata-bak, wato mai jefa ƙwallo, take ƙarewa. Ni kam ba can nake dubawa ba. Ƙattin nan biyar da ke tsayawa gabansa nake bi: senta a tsakiya, gad biyu a gefensa, takul biyu a bakin layi. In katangar nan ta rushe, ko wane ne a bayanta zai sha ƙasa. Wanda ke shakka ya tuna Fabrairun 2021. Kansas City Chiefs sun je wasan ƙarshe babu takul ɗinsu biyu, Eric Fisher agararsa ta tsinke, Mitchell Schwartz yana fama da ciwon baya. Kwata-bak ɗinsu Patrick Mahomes ya kwana yana gudun ceton rai, Tampa Bay ta lallasa su 31 da 9.

To ga yadda nake yin lissafina.

Fara da ranar tiyata, ka bar maganar koci. Duk kocin da aka tambaya a watan Mayu cewa zai yi yaro yana samun sauƙi, har ya wuce inda ake zato. Aikinsa ke nan. Kai nemo watan da aka yi wa ɗan wasan aiki, ka ƙirga da yatsu. Jijiyar tsakiyar gwiwa da ake kira ACL, in ta tsinke, yawanci wata 9 zuwa 12 take ci. Agara ma kusan haka. Tsokar ƙirji in ta yage aka ɗinke, wata 4 zuwa 6. Targaɗen idon sahu da jijiyar gefen gwiwa kuwa makonni ne, galibi ba a ma yin tiyata, kada su hana ka barci. Saboda haka wanda gwiwarsa ta tafi a Oktoba yana da sarari, wanda tasa ta tafi a Janairu kuwa, ka cire shi daga lissafin makonnin farko.

Akwai masu karya wannan lissafi. Landon Dickerson ya tsinka ACL a Disambar 2020 yana jami'ar Alabama, Philadelphia Eagles suka ɗauke shi a Afrilun 2021, kuma ya buga musu a kakar nan. Fisher ma ya dawo fili a Satumbar 2021 da rigar Indianapolis Colts. Amma dawowa daban, komawa yadda ake daban. Mutum mai nauyin kilo 140, aikinsa ya durƙusa, ya kafa ƙafa, ya tare wani ƙato da ya taho da gudu. In bai yarda da ƙafar ba tukuna, za ka gani: yana miƙewa tsaye da wuri, yana ja da baya kafin a taɓa shi. Wannan a bidiyo ake ganinsa, ba a rahoton likita ba. Ciwon baya shi na fi tsoro, don ba shi da ranar sallama. Yau lafiya, jibi ya motsa.

Sai ƙarshen Yuli, ranar da aka buɗe sansanin atisaye. Nan kulob ba ya iya ɓoye komai, domin wanda bai warke ba dole a sa shi a jerin da ake kira PUP, wato waɗanda jikinsu bai kai ga atisaye ba. Shiga jerin a Yuli ba abin tashin hankali ba ne, ana iya fitar da mutum kowace rana. Ranar da za ka sa wa ido ita ce ta ƙarshen Agusta, lokacin da ake rage 'yan wasa daga 90 zuwa 53. Wanda ya kai ranar yana cikin jerin, wasa 4 na farko sun wuce shi, babu roƙo.

Abin da kulob ya yi da kuɗinsa ya fi abin da ya faɗa gaskiya. In an ce takul na hagu zai warke, amma a kasuwar Maris aka sayo wani takul mai tsada, ko aka kashe zagayen farko na zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i a Afrilu kan mai buga wurin, to likitocinsu sun gaya musu abin da ba su gaya maka ba. Chiefs bayan waccan kunya ba su tsaya jira ba: sun sallami Fisher da Schwartz, suka kawo Joe Thuney da Orlando Brown, suka zaɓo Creed Humphrey da Trey Smith, duk a 2021.

Yanzu ɗauki takarda ka rubuta suna takwas, ba biyar ba. Dokar NFL ta ba kulob damar sa mutum 48 cikin riga ranar wasa maimakon 47, in har takwas daga ciki 'yan katanga ne. Na shida ya zama takul mai iya hagu da dama. Na bakwai ya iya gad, ya kuma iya senta. Mutanenmu sukan raina wannan, har wani ƙanena a Mamobi ya ce min, "Yaya, senta ai miƙa ƙwallo kawai yake yi." Na ce masa ya sake kallo. Senta ne ke karanta tsayuwar abokan hamayya, ya nuna wa kowa wanda zai tare kafin a ɗaga ƙwallo. Shi ya sa Eagles, kulob ɗin da NFL ta ba haƙƙin tallata kansa a Gana tun 2022, suka ɗauko Cam Jurgens shekara biyu kafin sentansu Jason Kelce ya yi ritaya a Maris 2024, ya koya a gindinsa, har ya yi kaka guda yana buga gad.

Na ƙarshe, duba tsawon lokacin da biyar ɗin suka yi atisaye tare. Kamar masu daka ne a turmi ɗaya, in hannu bai saba ba taɓarya za ta haɗu. Gad da takul suna musayar mutanen da suke tarewa cikin ƙiftawar ido, ba tare da magana ba. In takul ɗinka ya dawo saura mako guda a fara kaka, kuma gad ɗin da ke gefensa sabo ne, ka rage buri a wasannin Satumba ko da sunayen manya ne.

Wasannin gwaji uku na Agusta, yawancinsu tsakar dare suke faɗowa a agogon Akra, kuma manyan ba sa daɗewa a fili. Kada ka hana kanka barci. Da safe nemi bidiyon a YouTube, ka tsallake zuwa zubi na biyu, ka ga wa aka sa a senta da takul na hagu bayan an fitar da na farko. Su ne na shida da na bakwai a takardarka.