Yadda ake sarrafa mabuɗan shigar da log da matsefansu ta API a LogScale

A wani ƙaramin kamfani da na yi wa aiki a Wuse 2, sabobi (servers) bakwai ne ke tura log ɗinsu, wato rubutun da suke ajiyewa na abin da ke faruwa a cikinsu, da mabuɗi ɗaya tak. Ranar da muka gano mabuɗin ya fita cikin wani fayil da aka tura wa ɗan kwangila ta WhatsApp, dole muka soke shi, sai log ɗin kowa ya tsaya cak. Har bayan sallar isha muna bin sabobin ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan na ɗaura wa kaina doka: kowace majiya da mabuɗinta, kowane mabuɗi da matsefinsa (parser). Yin haka da hannu akwai gajiya, shi ya sa nake bi ta API, wato hanyar aika wa manhaja umarni kai tsaye ba tare da latse-latse a allo ba.

Zan yi misali da Falcon LogScale, manhajar tara log da bincikensa, wadda a da ake kira Humio. Kamfanin Danmak ne ya ƙera ta, CrowdStrike ya saye shi a 2021, aka sauya mata suna a 2022. Log yana zama a rumbu (repository). Mabuɗin shigarwa na rumbu ɗaya ne, zuba bayanai kawai yake iya yi, ba ya karantawa. Matsefi kuwa shi ne ɗan rubutun da ke tsefe ɗanyen layi ya raba shi gida-gida: lokaci, adireshin IP, lambar kuskure da sauransu.

Da farko ka samo mabuɗin API daga shafin asusunka. Wannan daban yake da mabuɗin shigarwa, domin yana ɗauke da ikon da kake da shi, don haka kada ya taɓa sauka kan sabar da ke tura log. Duk umarnin gudanarwa ana aika shi ne da POST zuwa `/graphql`, tare da `Authorization: Bearer` da mabuɗin a gabansa.

Kafin ka ƙirƙiri komai, duba mabuɗan da ke akwai tuni. Tambayi `repository` da sunan rumbunka, ka nemi `ingestTokens` da `name` da `parser`. Kada ka nemi `token` a nan, domin sirrin zai fito ɓaro-ɓaro a allo ko a fayil. Duk mabuɗin da ka gani babu wanda ya san mai shi, rubuta sunansa a gefe, za mu dawo kansa.

Sai matsefi, kuma a nan aikin yake. Akwai waɗanda suka zo da manhajar, irin su `json` da `kv` da `accesslog` da `syslog`. Idan ɗayansu ya dace da log ɗinka, yi amfani da shi. Idan manhajar gida ce da wani abokin aikinka ya rubuta, sai ka ƙera naka da `createParserV2`, ka ba shi sunan rumbu, sunan matsefin, rubutunsa da layukan gwaji. Layukan gwajin nan ka ɗebo su daga sabar kanta, har da munanan: wanda ya yanke a tsakiya lokacin da aka ɗauke wuta kafin janareta ya tashi, da mai sunan mutum da ɗ ko ƙ a ciki.

Ka kula da lokaci sosai. Najeriya tana gaban UTC, wato agogon duniya, da awa ɗaya. Idan layin bai faɗi yankin lokacinsa ba, kai za ka faɗa wa `parseTimestamp()`. Da yawa suna kwafo misali mai `timezone="UTC"` alhali sabarsu da agogon gida take rubutu, sai lokacin ya goce, ranar da ake binciken ciniki da ya maƙale a rasa wanne ya riga wanne. Buga `timedatectl` a sabar ka gani. In agogon gida ne, sa `Africa/Lagos`. Abin da ya sa nake nanata wannan: ana tsefe layi ne lokacin shigarsa, gyaran da ka yi gobe ba zai koma ya gyara na jiya ba.

A matsefin ne kuma ya kamata ka rufe lambobin mutane. BVN da NIN da lambar waya duk lambobi 11 ne, kuma suna yawan zubowa cikin log ba da niyya ba. Yi amfani da `replace()`, kuma ka yi shi har a kan `@rawstring`, domin can ne ainihin layin yake zaune. Dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kan duk mai riƙe irin waɗannan bayanai, hukumar NDPC mai aiwatar da ita kuma nan Abuja take.

Yanzu ka ƙirƙiri mabuɗin da `addIngestTokenV3`, ka ba shi `repositoryName` da `name` da `parser`. Sa masa suna mai magana, kamar `nginx-garki-2`, ba `sabo` ko `gwaji` ba. Karanta amsar da kyau, domin GraphQL, wato tsarin da ke karɓar umarnin, kan dawo da 200, lambar nasara, alhali akwai `errors` a ciki.

Tura layi biyu ko uku da umarnin `curl` zuwa `/api/v1/ingest/humio-unstructured` da sabon mabuɗin, sannan ka bincika rumbun. Idan matsefin ya kasa, layin ba ya ɓacewa, yana shiga da `@error`, dalilin kuma yana cikin `@error_msg`. Sai wannan ya fito fes za ka kai mabuɗin kan sabar.

Wajen sauya tsohon mabuɗi, kada ka fara da sokewa. Ƙirƙiri sabon, sa shi a sabar, ka ga log yana shigowa, ka ba shi kwana ɗaya saboda na'urorin reshe da ke tara log idan intanet ta yanke su turo daga baya. Bayan nan sai `removeIngestToken` da sunan rumbu da sunan tsohon. Waɗancan marasa mai shi da ka rubuta a gefe, sanar da abokan aiki ranar da za ka soke su, ka riƙa cire ɗaya-ɗaya da safe lokacin da kowa yana ofis, ba ranar Juma'a da yamma ba.