Daga dajin Binuwai zuwa gidan biki: kurakuran da masu hoton namun daji ke tafkawa

Shekara bakwai na yi ina bin dorina da gwanki da kamara kafin na taɓa karɓar ko sisi don hoton mutum. Shagona yana Garwa, a arewacin Kamaru, hoto kuwa sha'awa ce ta ranar hutu. Da rani in kama hanyar Ngaundere, in shiga gandun dajin Binuwai, in wuni bakin kogi ina jiran dorina ta yi hamma. Gandun dajin Waza ma na sha zuwa saboda raƙuman dawa, har zuwa 2013 da aka sace wani iyali na Faransawa kusa da Dabanga, hanya ta yi tsauri. Tun daga nan da yawanmu muka juyo da kamara cikin gari: biki, suna, kasuwa, hawan Salla. Kuma duk ƙanin da ya biyo bayanmu, ramin da muka faɗa shi yake faɗawa. Na gaji da maimaita magana ɗaya a bakin shago, shi ya sa na rubuta.

Babbar cutar da daji ke sa wa mutum ita ce laɓe. Can an koya maka ka yi shiru, ka lura da inda iska ke kaɗawa, ka tsaya nesa da dogon gilashin kamara mai milimita 400, kada dabba ta san da kai. Wannan tarbiyya ce mai kyau a gaban ɓauna. A gaban ɗan Adam sunanta satar hoto.

Wata Lahadi na je kasuwar Pituwa, na raɓe bayan wata motar kaya, na saita gilashi kan wata mai tallan nono. Haske ya zauna mata a fuska, ƙoren sun jeru, ni kuwa ina ta dannawa ina jin daɗi. Ban ankara ba sai na ji hannu a kafaɗata. Wani dattijo ne da sanda, bayansa samari uku. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi: "Yaro, mu birai ne?" Na ce, "Baba, a yi haƙuri." Ya ce haƙuri sai bayan an goge. Garin ja-in-ja da samarin gilashin ya kuɓuce ya daki ƙasa. Jaka ɗari uku na sefa, tarin da na yi shekara guda ina yi, ya tafi a nan, aka kuma sa ni na goge duk abin da ke cikin memori a gaban jama'a. Har yau in na tuna, ba kuɗin ke tsaya mini a rai ba kamar tambayar tsohon, don ba ni da amsarta. Matar aure ce, ban yi mata sallama ba, ban san sunanta ba, na maida ita abin farauta.

Yanzu in zan shiga mutane, dogon gilashi a gida yake kwana. Mai milimita 35 ko 50 nake ɗaurawa, wanda dole sai na matso har a ji numfashina. In rataye kamara a fili kowa ya gani, in yi sallama, in gaisa da Fillanci tunda shi ne harshen kasuwa a nan, in sayi wani abu, sannan in tambaya. In mace ce, a nemi yardarta da ta wanda ke tare da ita. In an ce a'a, shi ke nan. In an yarda, in nuna hoton a bayan kamara, mako mai zuwa in kawo shi a wanke. Na san masu cewa da zarar ka tambaya mutum ya ƙame kamar soja, hoton ya mutu. Gaggawarku ce ta kashe shi. Ku da kuke iya zaman awa uku don gauraka ta buɗe fiffike, minti goma na hira ne ya gagare ku? Ka zauna, za a manta da kai.

Kuskure na biyu kuwa shi ya kusa raba ni da dangi. Bikin 'yar yayata ne, aka ce tunda kawu yana da babbar kamara me za a yi da mai hoton haya. Na shiga zauren liyafa da dare da saitin da na saba da shi a daji: ƙiftawar kamara ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, sannan na kashe ƙararta kamar yadda nake yi don kada tsuntsu ya tashi. Ban san cewa wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa ba, dogayen ƙwayaye da yawancin fitilun zamani masu araha kuwa suna ƙyaftawa sau 100, ido ba ya gani amma kamara tana gani. Hotuna suka fito da zane-zane, layi mai haske layi mai duhu, amarya kamar an leƙo ta ta asabari. Waɗanda suka tsira daga wannan kuma farar shadda ta cinye su: kamara ta ga fari ya cika wuri, ta rage haske da kanta, fuskokin mutane suka koma gawayi, sai haƙora. Yaya ta duba, ta duba, ta ce, "Malam, ashe dai dorinar ce kawai ka iya." Biki ba a maimaita shi. Na biya wani ya tattaro hotunan wayoyin ƙawaye aka haɗa mata kundi.

Ku saurara da kyau, don wannan ba wasa ba ne. A ƙarƙashin fitila ka sauko da ƙiftawa zuwa ɗaya bisa 100 ko ɗaya bisa 50, ka maido da ƙararta, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kamara, ba tare da tsoron ɗan yashi-yashi ba. Auna haske daga fuska, ba daga riga ba. Ni nakan ƙara haske mataki guda in fararen kaya sun yi yawa, gara shadda ta ɗan ƙone da a rasa fuskar ango. Fitilar kamara kada ka harba ta cikin idon mutane, juya ta sama ta daki silin in fari ne. Kuma ka je wurin tun da la'asar, ka sa a kunna wuta, ka gwada a kan yaron gida. Wanda ya zo tare da amarya ya riga ya makara.

Sauran ƙanana ne. Hoton taro da idon gilashi a wangale, layin gaba ya fito na baya ya dushe: tsuke shi zuwa f/8. Saitin neman idon dabba da aka manta a kunne, kamara ta bar liman ta kama idon ragon suna. Danna harbi a jere kamar mai bin shaho, ka koma gida da hoto dubu biyu na mutum ɗaya yana tauna. Canza gilashi a fili cikin ƙurar hunturu. Shiga biki da wandon kaki da hular daji. Don Allah ka sa kaftani. Gada, bariki, filin jirgi da shingen jami'an tsaro kuwa, ko ɗaga kamara kada ka yi.

Wuri ɗaya ne hannun daji ke yi maka rana: hawan Salla a ƙofar Lamiɗo. Doki a sukuwane ba shi da bambanci da barewa a guje, a nan ɗaya bisa dubun taka da dogon gilashin suna da aiki. Sai dai ka je da wuri ka gaida dogarai su nuna maka inda za ka tsaya, rana tana bayanka. Bara na ga wani yaro ya durƙusa tsakiyar fili yana neman hoto daga ƙasa, dogari ya fizgo shi ta wuyan riga, kofato ya sauka daidai inda jakarsa take.