In TalkBack ya daina karanta mesaji bayan mizajur

Ƴan uwa makafi na Damagaram, in salularku ta yi mizajur (wato sabuntawa) sai TalkBack, mai karanta abin da ke kan allo da murya, ya koma cewa "bouton, bouton" kawai a cikin Messages, ko ya yi gum in mesaji ya shigo, kar a yi saurin kai ta wajen masu gyara a kasuwar Dole.

Da farko danne maɓallan ƙara da rage sauti tare na sakan 3, TalkBack ya mutu, a sake dannewa ya tashi, in dai an kunna wannan gajeriyar hanya tun farko. Bai yi ba? Shiga Play Store a sabunta Android Accessibility Suite, wanda TalkBack ke cikinsa, don mai yiwuwa Messages ne ya yi gaba shi TalkBack ɗin yana nan a tsohonsa.

In ya ƙi, to Paramètres, Applications, Messages, sai ɗigo ukun nan na sama ta dama, a zaɓi Désinstaller les mises à jour, zai koma yadda ya zo da wayar. Nan dai gara wani mai gani ya zauna kusa, saboda Effacer les données (goge bayanai) ba nisa kuma ba shi ake nema ba, Vider le cache ne ba ya ɓarna. Daga nan a koma Play Store a cire mizajur na kai tsaye na Messages, in ba haka ba da an samu intanet mizajur ɗin na iya sake hawa.