Yadda Malami Zai Koyar da Darasin Birnin Kinshasa

Idan aka tambayi ɗaliban sakandare a Katsina ko Daura wane birni ne ya fi yawan jama'a cikin biranen da Faransanci ne harshen hukumarsu, galibi Paris za su ambata, wasu kuma su ce Yamai saboda maƙwabtaka. Amsar ita ce Kinshasa, babban birnin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, kuma malamin da zai koyar da tarihinsa da labarin ƙasarsa zai fi samun sauƙi idan ya fara da kogi, ya bar shekaru da sunayen shugabanni sai daga baya.

Da farko malam ya zana kogin Kwango a allo da alli, ya nuna wurin da ruwan ya buɗe ya yi faɗi, wanda ake kira Malebo, sannan ya sa alamar Kinshasa a gaɓar kudu da ta Barazabil, babban birnin maƙwabciyarta Jamhuriyar Kwango, a gaɓar arewa, domin yara su ga manyan biranen ƙasashe biyu suna kallon juna ruwa ne kawai tsakaninsu. Abin da ya kamata a daɗe a kansa shi ne wannan: daga Kinshasa zuwa birnin Kisangani da ke can cikin ƙasa a bakin kogin, jirgin ruwa yana tafiya kimanin kilomita 1,700 ba tare da cikas ba, amma daga Kinshasa zuwa garin Matadi da ke kan hanyar teku ruwan yana gangarowa ne da ƙarfi a kan duwatsu, jirgi ba ya iya bi. Dole duk kayan da suka fito daga cikin ƙasa a sauke su a nan, shi ya sa Turawa suka shimfiɗa layin dogo zuwa tashar jiragen ruwa ta Matadi, aka kammala shi a 1898. Ɗalibin da ya gane wannan ba zai ƙara tambayar dalilin da ya sa gari ya kafu a wurin ba.

Daga nan sai a shiga tarihi, amma a taƙaice. Wani Bature mai binciken ƙasa, Henry Morton Stanley, ya kafa sansani a wurin a 1881, ya sa masa suna Leopoldville saboda Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, ko da yake ya kamata a faɗa wa yara cewa ya tarar da ƙauyukan ƙabilun Teke da Humbu suna cinikinsu a bakin ruwan tun kafin zuwansa. A shekarun 1920 aka ɗauke hedikwatar mulkin mallaka daga Boma aka kawo ta nan. Ƙasar ta sami 'yancin kai ranar 30 ga Yuni, 1960, Patrice Lumumba yana firaminista, watanni uku ke nan kafin Najeriya ta sami nata, sannan a 1966 shugaban ƙasar na lokacin, Mobutu, ya sauya wa birnin suna zuwa Kinshasa. In ajin ya fara gyangyaɗi, malam ya ba su labarin damben Muhammad Ali da George Foreman da aka yi a birnin a 1974.

Yanayi ba ya buƙatar dogon bayani. Birnin yana kudu da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka damina a can tana farawa ne wajen Oktoba ta kai Mayu, wato lokacin da mutanen Katsina suke fama da hunturu da bazara su ruwa suke sha, tare da ambaliya da zaizayar ƙasa a unguwannin da aka gina a kan tuddai masu yashi.

Wurin da ake bukatar hattara shi ne yawan jama'a. Lokacin samun 'yanci mutanen birnin kusan 400,000 ne, yau kuwa ana ƙiyasta sun haura miliyan 15 a gundumomi 24. Sai dai tun 1984 ba a sake ƙidayar jama'a a ƙasar ba, don haka duk adadin da aka gani a littafi ko a intanet ƙiyasi ne, kuma a ganina bai dace malami ya rubuta shi a allo ba tare da wannan kalma a gefensa ba. Ya kuma bayyana cewa Faransanci harshen ofis ne da makaranta da jarida, amma a kasuwa da cikin mota Lingala ake yi, domin kada yara su ɗauka kowane mutumin Kinshasa da Faransanci yake magana a gidansa.

Aikin gida mai amfani shi ne kowane ɗalibi ya zana taswirar da hannunsa, ya nuna Matadi da Kinshasa da Kisangani, ya rubuta a ƙarƙashinta hanyar da buhun kaya zai bi daga Kisangani har ya kai teku.