Kurakuran Da Aka Fi Yi Wajen Zaɓen Gwarzon Mako Cikin Masu Bugu A Ƙwallon Jami'o'in Amurka

Duk ranar Litinin, daga Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, gungun jami'o'in Amurka irin su SEC da Big Ten da Big 12 kan fitar da sunayen gwarazan mako: ɗaya cikin masu kai hari, ɗaya cikin masu tsaro, ɗaya kuma daga rukunin musamman, wato waɗanda ke shiga fili idan za a buga ƙwallo da ƙafa. Masu kyautar Lou Groza da ke Palm Beach a Fulorida su ma suna fitar da taurari uku na mako cikin masu bugun maki, haka masu kyautar Ray Guy da ke Augusta a Jojiya suna zaɓen nasu cikin masu bugun sallama. Sunayen na fitowa sai gardama ta kaure tsakanin 'yan'uwanmu da suka fara bin wasan nan na ƙwallon Amurka (American football) kwanan nan: an zalunci wane, an yi wa wane son kai. Kurakuran da ake tafkawa a gardamar kuwa ba sa canzawa, na bara su ne na bana. Na gaji da maimaita bayani baki da baki, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ga wanda bai saba ba: ƙungiya na da dama huɗu ta ci yadi 10. In ta zo dama ta huɗu ba ta ci ba, ko dai ta gwada harba ƙwallo tsakanin turaku biyu ta samu maki 3, wato bugun maki, ko ta dirka ta can nesa ta bar wa abokan karawa. Wannan na biyun nake kira bugun sallama, kuma a kansa na yi kuskuren da har yau yake ci min rai.

Lokacin da nake karatu a wata ƙaramar kwaleji a can, na samu ɗan aikin wucin gadi a ofishin da ke tattara alƙaluman wasanni. Ranar Lahadi mu ke tura sunayen yaranmu da muke ganin sun cancanci gwarzon mako. Wata Asabar mai sanyi muka yi nasara da ƙyar. Na buɗe takarda, na ga matsakaicin bugun mai sallamarmu bai kai yadi 40 ba. Na taɓe baki, na ce wannan ba abin kai wa kasuwa ba ne, na tura sunan wani. Da safiyar Litinin mai horar da rukunin musamman ya kira ni, bai ɗaga murya ba, ya zaunar da ni ya kunna faifan wasan. Kusan duk bugun yaron daga tsakiyar fili ya yi shi, kuma kowanne ya sauka dab da gidan makin abokan karawa, wato yankin ƙarshen fili inda ake cin maki, ba wanda suka iya dawowa da shi ko taku ɗaya. Yinin ranar suna fara hari bayansu na jingine da bango. Shi ya ci mana wasan, ni kuma na hana shi. Shekararsa ta ƙarshe ce, kuma har ya gama bai taɓa samun wannan girmamawar ba. Yaron bai ce min uffan ba, gaisuwa ma bai fasa ba, kuma da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

To ku saurara da kyau. Tsawon bugu ba shi ne amfanin bugu ba. Ku ɗauka mutum biyu na tsaye a tsakiyar fili. Na farko ya narka ta yadi 50 ta faɗa gidan maki. Doka ta ce a fito da ita layin yadi 20, ke nan yadi 30 kawai ya ci wa ƙungiyarsa. Na biyu ya buga 42, ta tsaya a layin 8. A takarda za ku ga 50 da 42, ku ce na farko ne gwani. Wallahi na biyu ya fi shi da yadi 12 cur. Akwai kuma mai buga ta doguwa amma ƙasa-ƙasa, ta riga abokansa isa, mai dawowa da ita ya cafke ya zabga yadi 20 kafin a taɓa shi. Shi ya sa masu horarwa ke riƙe agogo suna auna daɗewar ƙwallo a sama. In ta kai daƙiƙa 4 da rabi, yara sun isa su kewaye mai kamawa.

Ku duba Michael Dickson na Texas a wasan Texas Bowl na 2017 da Missouri: bugu 11, guda 10 sun tsaya cikin yadi 15 na ƙarshe, aka ba shi gwarzon wasan baki ɗaya, abin da ba kasafai mai bugun sallama ke samu ba. Matt Araiza na San Diego State ya kafa tarihin matsakaicin yadi 51.19 a 2021, ya kuma karɓi kyautar Ray Guy, ban musa ƙarfin ƙafarsa ba. Amma a shekarar ta 2021 Adam Korsak na Rutgers bai jefa ko ɗaya cikin gidan maki ba duk kakar, kuma shi ya karɓi kyautar a 2022. Dickson da Korsak duk 'yan Ostireliya ne. Sun taso suna buga ƙwallon ƙasarsu inda ake miƙa wa juna ƙwallo da ƙafa, don haka saiti suka fara koya kafin ƙarfi. Ni dai tun daga waccan Litinin, in an kawo min matsakaicin tsawo, tambayata ɗaya: a wane layi abokan karawa suka fara? In ba amsa, ba magana.

Kuskure na biyu ya fi muni, don shi har da cin mutunci. Da zarar ƙwallo ta kauce wa turaku sai a rufe mai bugu da zagi shi kaɗai. Ku ji tsoron Allah. Mutum uku ne ke yin aikin nan cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya da rabi ba: mai cillo ƙwallon ta tsakanin ƙafafunsa yadi 7 zuwa 8 baya, mai cafewa ya dasa ta a ƙasa ya juya ɗinkin ƙwallon ya kalli turaku, sannan mai bugu, wanda ya riga ya taho tun kafin a gama dasawa. In cillin ya yi sama, ko aka dasa ta a karkace, ko ɗinki ya fuskanci ƙafarsa, ƙwallo za ta bauɗe ko da waye. Ni kaina na taɓa faɗa wa wani yaro maganar da ba ta dace ba bayan ya ɓarar, daga baya na ga a faifai ba a ma gama tsayar masa da ita ba. Na je na ba shi haƙuri, amma magana zarar bunu ce.

Ranar 17 ga Oktoban 2015, Michigan na gaban Michigan State da 23 da 21, saura daƙiƙa 10. Cillin ya zo wa Blake O'Neill, mai bugun sallamar Michigan, ƙasa-ƙasa, ƙwallo ta suɓuce masa, Jalen Watts-Jackson na Michigan State ya samu ya ruga da ita gidan maki, aka tashi 27 da 23. Aka yi wa O'Neill rubdugu a intanet har sai da shugaban sashen wasannin jami'ar ya fito ya roƙi jama'a su daina. Mutum nawa cikin masu zagin suka tuna cewa a wasan nan ɗin dai ya yi bugun yadi 80? Haka nan in mai bugu ya zama tauraron mako, ku nemi sunan wanda ya cillo masa da wanda ya dasa. Masu cillin ba su da kyautar kansu sai 2019, da aka kafa ta Patrick Mannelly, mutumin da ya yi kaka 16 yana wannan aiki a Chicago Bears. Al'adata ita ce in maimaita kowane ɓaras sau uku: kallo na farko idona kan cilli, na biyu kan hannun mai dasawa, na uku kan ƙafa. Sai na gama sannan in buɗe baki.

Sai masu ƙirge. "Ya buga huɗu ya ci huɗu, don me ba a ba shi ba?" Daga ina ya buga su? Saura minti nawa? Maki nawa ke tsakani? Huɗu daga yadi 25 a wasan da aka riga aka lallasa abokan karawa ba su kama ƙafar guda ɗaya irin ta Harrison Mevis na Missouri ba, wanda a Satumbar 2023 ya zura ta daga yadi 61 lokaci na ƙarewa, suka doke Kansas State 30 da 27. Af, ku riƙa ƙara 17 a kan layin da ƙwallo take: 10 na zurfin gidan maki, 7 na ja da baya. In tana layin 30, bugun yadi 47 ne. Kullum sai na ji wani ya ce ai daga 30 kawai ya ɓarar.

Kada kuma ku gwada shi da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wancan yadi 12 ne, ƙwallo a ajiye, ba mai rugowa kanka. Nan ƙarti 11 ne ke neman tare ta.

Wuri ma yana da hannu. Filin Wyoming da ke Laramie yana tudun ƙafa 7,220 sama da teku, iska ba ta da kauri, ƙwallo na ƙara tafiya. Shi ya sa bugun yadi 58 da Mason Crosby na Colorado ya yi a Miami a 2005, a bakin teku, ya fi burge ni a kan na 60 da ya yi a gida a Boulder, garin da shi ma ke kan tudu, a 2004. Wanda ya ci yadi 45 cikin iskar Nuwamba a Iowa ya yi abin da mai 52 a rufaffen fili bai yi ba.

Masu jawo tarihi su ma su yi hattara. Bugun maki na yadi 69 da Ove Johansson ya yi a 1976 a kan ɗan matashin roba aka ɗora ƙwallon, kuma faɗin turaku a lokacin ƙafa 23 da inci 4 ne. An hana matashin a 1989, an tsuke turakun zuwa ƙafa 18 da inci 6 a 1991.

Dokar NFL, wato gasar ƙwararru, daban, ta jami'a daban. Bugun ƙarin maki ɗaya, wanda ake yi bayan an shiga gidan maki da ƙwallo, a jami'a kusan yadi 20 ne, a NFL 33. Sannan a jami'a ana iya ajiye ƙwallo can gefe fiye da NFL, don haka gajeren bugu kan zo da mugun kwana.

Gwarzon mako ba shi ne gwarzon shekara ba, kuma tara kyautukan mako ba ya tilasta a ba mutum kyautar shekara a Disamba.

Wani kuskuren shi ne raina ƙananan makarantu: Graham Nicholson da ya ɗauki Groza a 2023 ɗan Miami ta Ohio ne, ba ta Fulorida ba, Kenneth Almendares na 2024 kuma daga Louisiana yake.

Akwai kuma kuskuren mantawa da cewa rukunin musamman ba masu bugu kaɗai ba ne. Corey Lynch na Appalachian State ne ya tare bugun ƙarshe ranar da Appalachian State ta kunyata Michigan 34 da 32 a 2007. Chris Davis na Auburn ne ya cafe bugun yadi 57 na Alabama da bai kai ba, ya ratsa fili da ita daga wannan ƙarshe zuwa wancan a 2013. In irin wannan ta faru a mako, mai bugu ya haƙura.

Akwai wata magana da nake so a daina. A Nuwamban 2020 SEC ta haɗa Sarah Fuller ta Vanderbilt da Kadarius Toney na Florida a matsayin gwarazan mako, bayan ta zama mace ta farko da ta buga wasa a manyan gungun jami'o'i biyar na lokacin. Har yau wasu na yi mata dariya wai bugun fara wasa (kickoff) da ta yi gajere ne. Da gangan aka sa ta yi shi gajere don kada a dawo da shi, kuma ba a dawo da shi ba. Gaskiya ne tarihin ya taimaka mata, masu zaɓe mutane ne, labari na jan su. Ni ban ga aibu ba. Bayan mako biyu ta zura ƙarin maki sau biyu a wasansu da Tennessee.

Na san uzurin da za ku kawo, kuma ina da shi ni ma tun da na dawo gida. Wasan da aka fara da tsakar rana a gabashin Amurka ƙarfe 5 ko 6 na yamma ne a Kano, na dare sai bayan 12, na yammacin ƙasar kuwa sai wajen 3 da rabi, ga sallar asuba na jira. Sai mutum ya koma kan gajeren faifan da aka tsakuro, wanda abin da ake fara yankewa a cikinsa shi ne bugun sallama. Da wannan kuke yanke hukunci? Abin da nake yi: ina zaɓar wasa uku kacal a mako, ranar Lahadi bayan la'asar in buɗe cikakken bayanin wasan hari bayan hari, in ja layi huɗu a littafina. Layin da aka buga daga shi, layin da abokan karawa suka fara, maki da lokacin da ya rage, sai yanayin iska. Ina rubuta zaɓina da biro kafin sunayen Litinin su fito, don kada in ga nasu in ce daman abin da nake tunani ke nan.